Kafin a Sayi Sabuwar Na'urar Ji, a Fara Tambayar Kunne

Duk bayan shekara biyu ko uku, kamfanonin da ke ƙera na'urar taimaka wa ji sukan fito da sabon samfuri, kuma kowanne yakan zo da alkawarin da na gabansa ya zo da shi: a wannan karon za a ji magana tangaran ko da a tsakiyar hayaniya. Wanda ya shekara huɗu ko biyar da na'ura a kunnensa, ko ɗan da ya saya wa mahaifinsa ita, sai tambayoyi biyu su tsaya masa a rai. Shin lokacin sauyawa ya yi? Idan kuwa ya yi, wane kamfani ya fi: Phonak ko Oticon, ReSound ko Signia, Widex ko Starkey?

Tambayoyin ba na wasa ba ne. A Amurka, na'urorin kunnuwa biyu daga hannun ƙwararre sukan ci dubban daloli. Ga mai karɓar albashi da naira, musamman bayan faɗuwar darajarta tun daga 2023, wannan magana ce ta miliyoyi. Kuskure a nan asarar dukiya ce, kuma asarar shekarun da mutum zai ƙara yi yana gyaɗa kai a cikin taro ba tare da ya san abin da ake faɗa ba.

Abin da hujjoji suka fi nunawa shi ne, a cikin abubuwan da ke sa mutum ya ji da kyau, sunan kamfani ne ya fi ƙarancin tasiri. Awon kunne na gaskiya, hannun da ya daidaita na'urar, da kusancin wanda zai gyara ta idan ta lalace, su ne suke yanke hukunci. Wanda ya fara da zaɓen suna ya fara daga ƙarshe.

Sunaye da yawa, gidaje biyar

Wanda ya shiga kasuwar nan zai ga sunaye barkatai, amma mafi rinjayen kason cinikin duniya yana hannun kamfanoni biyar ne. Sonova na ƙasar Suwizalan shi ke da Phonak da Unitron. Demant na Danmak shi ke da Oticon da Bernafon, kuma shi ke ƙera na'urorin ji masu ɗauke da sunan Philips. GN, shi ma na Danmak, shi ke da ReSound da Beltone. WS Audiology ya samu ne a 2019 daga haɗewar Widex da Sivantos, wanda a da shi ne sashen na'urorin ji na kamfanin Siemens na Jamus. Signia da Rexton nasa ne. Na biyar shi ne Starkey na jihar Minnesota a Amurka.

Ke nan wanda ya bar Bernafon ya koma Oticon bai fita daga gidan da yake ba, ɗaki kawai ya sauya. Ko kayan cikin ma, wato ƙananan makirfo da sifikun da ke fitar da sauti, akasarinsu daga kamfanoni biyu suke fitowa, Knowles da Sonion. Kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin nan yana da na'urar da za ta dace da kusan kowane mataki na raunin ji.

Duk da haka akwai bambance-bambance na gaske. Phonak, tun daga samfurinsa na Marvel a 2018, yana amfani da Bluetooth na gama-gari, wanda ke haɗuwa da kusan kowace waya. Yawancin sauran sun bi tsarin Apple, wanda ReSound ya fara da shi a 2014, da wani tsari na Android da ba kowace waya ke ɗauke da shi ba. Ga mai riƙe da Tecno ko Infinix ko itel, wajibi ne ya gwada haɗa na'urar da wayarsa kafin ya biya. Widex ya yi suna wajen sauti mai kama da na halitta, kuma a 2020 ya fito da Moment, wanda ya rage jinkirin da ke tsakanin shigar sauti da fitarsa zuwa kusan rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Oticon ya ginu a kan ra'ayin a bar wa ƙwaƙwalwa sautukan da ke kewaye da mutum ta zaɓa da kanta, maimakon a toshe komai sai abin da ke gaba. Starkey ya sa wa nasa ma'aunin motsi da ke iya aika saƙo ga iyali idan tsoho ya faɗi.

Waɗannan bambance-bambance na ɗanɗano ne da na sauƙin amfani. Suna da muhimmanci ga wanda ya san abin da yake nema, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke sa a ce kamfani kaza ya fi saura ga kowane kunne.

Tsada da ji

A cikin kamfani ɗaya ma akwai matakai. Phonak yakan lakaba wa nasa lambobi 90, 70, 50 da 30. Oticon kuwa 1 zuwa 4. Galibi jikin na'urar ɗaya ne, manhajar ciki ce ake buɗe wa mai tsada wasu ƙofofi, a rufe wa mai araha.

Robyn Cox da abokan aikinta a Jami'ar Memphis sun gwada ko wannan ƙarin kuɗi yana sayen ƙarin ji. Sun ba dattawa 45 masu raunin ji mai sauƙi zuwa matsakaici na'urori iri huɗu daga manyan kamfanoni biyu, kowane kamfani da mai tsada da mai araha. Kowa ya sa kowane iri na tsawon wata guda a rayuwarsa ta yau da kullum, ba tare da ya san wanne ne mai tsadar ba. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa dukkan na'urorin sun kyautata rayuwar masu sa su ƙwarai, amma ba a ga wani fifiko mai ma'ana na masu tsada a kan masu araha ba. Sharaɗin da ya haɗa su duka shi ne an daidaita kowace da kyau.

Masu sayarwa suna da amsa, kuma amsar tana da ƙarfi. Na'urorin da aka yi wancan gwaji da su na farkon shekarun 2010 ne, kafin shigowar ƙirƙirarriyar basira. Oticon More ya zo da tsarin da aka horar da miliyoyin sautuka domin ya rarrabe magana da hayaniya, kuma a 2024 Phonak ya fito da Audéo Sphere, wanda aka ƙara wa ƙwaƙwalwa ta biyu da ba ta da aiki sai wannan rarrabewa. Ci gaba ne na gaske, kuma wanda babbar matsalarsa ita ce hayaniya yana da dalilin gwada su. Sai dai ci gaban yana da nasa farashi: na'urar ta fi girma, kuma batirinta ya fi saurin ƙarewa idan wannan ƙwaƙwalwa tana aiki. Ga dattijon da yawancin hirarsa a zaure take, da mutum biyu ko uku, abin da zai biya kuɗinsa ba zai cika amfani da shi ba.

Akwai kuma abin da babu manhajar da ta fi ƙarfinsa, wato nisa. A fili, duk lokacin da tazara tsakanin mai magana da mai sauraro ta ninka, ƙarfin sautin yakan ragu da kusan desibel 6. Wanda ke shan wahala a ɗakin lacca, ko taron ofis, ko majalisin karatu, sau da yawa ƙaramin makirfo da ake ajiyewa kusa da mai magana, irin su Roger na Phonak ko Multi Mic na ReSound, zai fi yi masa amfani a kan sabuwar na'ura, kuma yana iya aiki da wadda yake da ita.

Hannun da ya daidaita

Na'urar ji ba rediyo ba ce da ake ƙara wa murya gaba ɗaya. Awon ji yakan duba sautuka daga masu kauri, wajen Hz 250, zuwa masu siriri, wajen Hz 8,000, kuma raunin ji na tsufa yakan fara cin masu siririn ne. Shi ya sa dattijo kan ce yana jin murya amma ba ya gane magana. Wasula da karin sauti, waɗanda ke zaune a ɓangaren kauri, suna isa gare shi; baƙaƙe irin su s, sh, ts da f ne suke ɓacewa. Sai “sa” da “sha” su zame masa ɗaya, “sari” da “tsari” da “fari” su cakuɗe. Aikin na'ura shi ne ta ƙara ƙarfin kowane sauti daidai gwargwadon abin da kunnen ya rasa a wurin.

Akwai ƙa'idojin lissafi da ke faɗin wannan gwargwado. Fitattu su ne NAL-NL2 na Ostireliya da DSL na Kanada. To amma ramin kunnen kowane mutum yana da nasa tsawo da faɗi, kuma yana sauya sautin da ya shiga cikinsa. Abin da kwamfuta ta ce na'ura tana fitarwa ba lalle ne ya zama shi ke isa dodon kunne ba. Hanya ɗaya ta tabbatarwa ita ce awon cikin kunne, wanda ƙwararru ke taƙaitawa da REM: a zura wani siririn bututu mai haɗe da makirfo kusa da dodon kunne, a sa na'urar, a kunna magana, a ga abin da ke isa, sannan a gyara. Aiki ne na mintuna kaɗan, amma masu sayarwa da yawa, har a ƙasashen da suka ci gaba, sukan tsallake shi su wadatu da saitin farko na kamfani.

Michael Valente da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun kwatanta hanyoyin biyu a binciken da suka buga a 2018. Mutum 24 sun sa na'ura iri ɗaya, sau ɗaya da saitin kamfani, sau ɗaya bayan awon cikin kunne, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Kusan kashi 79 cikin ɗari sun zaɓi wadda aka auna. Na'urar ba ta sauya ba, hannu ne ya sauya.

Akwai wani ɗan abu da ya shafi mai jin Hausa kai tsaye. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma ƙa'idar NAL-NL2 tana da zaɓi na musamman ga irin waɗannan harsuna, wanda ke ɗan ƙara ƙarfin sautuka masu kauri. Ya dace a gaya wa ƙwararre harshen da aka fi magana da shi a gida, kuma a je wurin gwaji tare da wanda aka saba jin muryarsa, a yi hira da Hausa, domin a nan ne na'urar za ta yi yawancin aikinta.

Yaushe sauyawa ke da hujja

Idan na'urar da ta yi shekaru tana aiki ta fara gazawa, abubuwa uku ne ake zargi, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne datti. Dattin kunne yakan toshe ramin kunnen ko ƙaramin matacin da ke bakin sifika, ƙura kuma ta toshe makirfo. Mataci da robar baki da sifikar kanta duk ana sauya su da kuɗi kaɗan. Na'urori da yawa da aka yanke wa hukuncin tsufa wanki kawai suke buƙata.

Na biyu shi ne kunnen ya sauya. Raunin ji yakan ƙaru a hankali, saitin shekara huɗu da suka wuce kuwa na kunnen wancan lokaci ne. Yawancin na'urori suna da sauran ƙarfi a ajiye, kuma a irin waɗanda sifikarsu ke cikin kunne ana iya sa mata mai ƙarfi ba tare da an taɓa jikin ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Sai idan raunin ya wuce iyakar abin da na'urar za ta iya ne sauyawa ta zama dole. Idan kuwa ya yi tsanani har mutum ba ya gane yawancin kalmomi ko da an ƙara musu ƙarfi, to maganar ta wuce zaɓen kamfani. Lokacin tuntuɓar likita ne game da dashen na'ura a cikin kunne ta hanyar tiyata.

Na uku shi ne na'urar ta tsufa da gaske. Ƙwararru sukan ƙiyasta rayuwarta tsakanin shekara uku zuwa bakwai. Idan garanti ya ƙare, gyara ya yawaita, batirin ciki ya daina kai wa dare, ko kamfani ya daina samar da kayan gyaranta, sauyawa ta zama lissafi mai kyau.

Bayan waɗannan akwai dalili na huɗu, wato buƙata takamaimai da tsohuwar ba ta iya biya: sabon aiki mai yawan kiran waya, ko yatsun da suka daina iya riƙe ƙaramin batir. Sharaɗinsa a iya faɗin buƙatar a jimla ɗaya, kuma a gwada sabuwar a ainihin wurin da tsohuwar ta gaza. Sai an gwada akan san na ƙwarai, don haka kada a biya kuɗi sai da rubutacciyar yarjejeniyar lokacin gwaji da damar mayarwa. Abin da ba dalili ba ne shi ne fasahar da babu inda za a more ta tukuna. Auracast, wanda ya fara bayyana a ReSound Nexia a 2023, yana ba na'ura damar karɓar sauti kai tsaye daga lasifikar zaure ko filin jirgi, amma sai an girka abin watsawa a wurin.

Akwai alamomin da ba na kasuwa ba ne, na asibiti ne. Ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, ko kunne yana zubar da ruwa, ko ciwo, ko jiri: waɗannan na likitan kunne ne, kuma ɗaukewar ji kwatsam ba ta jiran mako.

Ƙura, zafi, wuta da nisa

Tallace-tallacen kamfanonin nan an tsara su ne domin mai saye da ke da wutar lantarki dare da rana da shagon gyara a unguwarsa. Mai saye a Kano ko Maraɗi ko Garwa yana da wasu tambayoyi na daban.

Ta farko ita ce batir. Na'urori masu caji, waɗanda suka yaɗu tun daga 2016, sukan buƙaci awanni kaɗan kowane dare, batirin nasu kuma a rufe yake, sauya shi yakan buƙaci a aika da na'urar wurin gyara. Masu batirin yarwa suna amfani da lambobi huɗu, kowace da launinta: 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ba ruwansu da ɗauke wuta, amma sai an tabbatar ana samun lambar a kusa. Wanda ya zaɓi mai caji ya nemi akwatin cajin da ke ajiye wuta a cikinsa.

Ta biyu ita ce yanayi. Ƙurar hunturu da gumin bazara da laimar damina abokan gabar na'ura ne. Yawancin na zamani suna ɗauke da alamar IP68 ta jure ƙura da ruwa, amma wannan ba ya ɗauke wa mutum goge ta kullum da ajiye ta a akwatin busarwa. Mai alwala sau biyar a rana ya saba da cire ta kafin shafar kunne.

Ta uku, wadda ta fi su duka, ita ce wane ne zai taɓa ta. Kowane kamfani yana da manhajar daidaitawa tasa: Target ta Phonak, Genie ta Oticon, Connexx ta Signia. Wasu dillalai a ƙasashen waje ma sukan kulle na'urorinsu ta yadda babu mai iya sauya saitin sai rassansu. Ɗa ya sayo wa mahaifiyarsa mafi tsada daga Landan ko Dubai, a iso gida a tarar babu mai manhajarta a duk jihar, sai ta ƙare a cikin adaka. Hanyar da ta fi ita ce a fara da wurin awo, kamar Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa, a tambayi irin na'urorin da ƙwararrun yankin ke iya daidaitawa da gyarawa, sannan a zaɓa daga cikinsu. Na'ura matsakaiciya da ke da mai gyara a gari ta fi ta ƙoli wadda mai gyaranta ke wata nahiya.

Ƙofar araha da iyakarta

Tun daga Oktoban 2022, hukumar FDA ta Amurka ta halatta sayar da wasu na'urorin ji ba tare da takardar likita ba, ga manya masu raunin ji mai sauƙi zuwa matsakaici. A Satumban 2024 ta amince AirPods Pro 2 na Apple su yi wannan aiki. Ga wanda bai taɓa sa na'ura ba, wannan ƙofa ce mai sauƙin shiga. Ga wanda rauninsa ya yi nisa, ko ga yara, ba tasu ba ce. Haka kuma a bambanta su da abubuwan ƙara sauti marasa suna da ake tallatawa a intanet, waɗanda ke ɗaga komai gaba ɗaya, magana da ƙarar janareta, kuma ƙarfinsu na iya ƙara cutar da kunne.

Abin da ake ƙoƙarin ceto

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 430 ne ke da raunin ji da ke buƙatar taimako, kuma mafi yawansu ba su samu ba. Abin da raunin ke ci ya wuce sauti. Yana cire dattijo daga shawarar iyali, ya sa a riƙa yanke magana a gabansa kamar ba ya nan, har a fara ce masa ya rikice alhali ji ne kawai ba ya yi.

Masu talla sun gano alaƙar da bincike ya nuna tsakanin raunin ji da cutar mantuwa, kuma sukan yi amfani da ita wajen tsoratarwa. Babban gwajin da aka yi a kai, wanda Frank Lin na Jami'ar Johns Hopkins ya jagoranta aka buga a mujallar Lancet a 2023, ya bi dattawa 977 masu shekara 70 zuwa 84 na tsawon shekara uku. A jimlace ba a ga bambanci ba, amma a cikin rukunin da ya fi fuskantar haɗari, na'urar ji ta rage saurin raunanar ƙwaƙwalwa da kashi 48 cikin ɗari. Gwajin ya kwatanta masu samun kulawar ji ne da waɗanda ba su samu ba. Bai kwatanta sabuwa da tsohuwa ba, bai kuma kwatanta kamfani da kamfani ba. Darasinsa shi ne a sa na'ura mai aiki, a kuma sa ta kullum.

Saboda haka tsarin da ya dace a bi a bayyane yake. A duba kunne a cire datti. A sake awon ji. A wanke tsohuwar na'ura, a sauya ƙananan kayanta, a daidaita ta da sabon awo tare da awon cikin kunne, a ba ta makonni. Idan har yanzu akwai wurin da take gazawa, a ambaci wurin, a gwada ƙaramin makirfo ko sabuwar na'ura a can, daga kamfanin da ke da mai gyara a kusa, bisa sharaɗin mayarwa. Wanda ya bi waɗannan matakai, ko dai ya tsira da kuɗinsa, ko ya kashe su a kan abin da kunnensa da kansa ya shaida.